Matan Gidan Sarauta Da Aurensu A Zamanin Da

Mu da mu ke zaune a Kongolam, bakin iyaka, kan hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Matamaye da Damagaram, ba mu rasa ganin 'yan kai amarya. Da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai ka ga mota cike da mata suna ta guɗa, ga kayan ɗaki an ɗaure a bisa, za a kai yarinya gidan miji a Nijar, ko kuwa daga can aka ɗauko ta. Turakun iyakan nan tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka kakkafa su, amma aure ya girme su nesa ba kusa ba. Tun ba a san takarda da sa hannu ba a ƙasashen nan, da aure a ke ƙulla gari da gari. In sarki ya ba wani sarki 'yarsa, to, an yi amana ke nan, ita kuwa yarinyar ita ce takardar.

Ku 'yan makaranta ana sa ku haddace sunayen sarakuna da shekarun da kowa ya yi bisa gado. Madalla da wannan. Amma in aka tsai da ɗayanku aka ce ya faɗi sunan uwar sarki guda, sai ya yi zuru. Malamin da ya rubuta Tarihin Kano, wanda ke cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, bai yi wannan sakaci ba. Kusan kowane sarki ya ambata, sai ya faɗi sunan uwarsa kafin ya shiga ba da labarin yaƙe-yaƙensa. Ya san abin da ya ke yi, gama a gidan da 'ya'yan sarki suka yi yawa, uba ɗaya ne, ɗakuna ne suka bambanta, kuma sau da yawa ƙarfin ɗaki shi ke kai yaro gadon sarauta. Labarin waɗannan ɗakuna mu ke so mu ba ku yau, za mu kuwa fara daga gida.

Kowa ya sani Daura da mata ta fara. Girgam, watau tsohon lissafin sarakunan Daura, ya jera su: Kufuru, da Gino, da Yakumo, da Yakunya, da Walzamu, da Yanbamu, da Gizirgizir, da Innagari, sa'an nan Daurama. Waɗansu masu riwaya su kan ƙara waɗansu sunaye har su kai 17. Ana kiran kowace Magajiya. A Tsohon Birni suka fara zama, Daurama ce aka ce ta taso da mutane zuwa inda birnin ya ke yanzu, garin kuma ya ci sunanta.

Sauran labarin tun kuna goye ku ke jinsa, amma ku sake saurara, wannan karon ku bar kallon doki da takobi, ku dubi matan da ke ciki. Su uku ne, ban da tsohuwa Ayana wadda ta sauki baƙo.

Ta fari 'yar Sarkin Barno ce, wadda a ke kira Magira. Sa'ad da Bayajida ya iso Barno da rundunarsa, Sarki ya ga baƙon nan yana da ƙarfi, bai tare shi da yaƙi ba, sai ya ba shi 'yarsa. Da zama ya yi zama, aka yi ta janye masa mutane da dabara har ya rage ba kowa, ya gane ana neman ransa, ya ɗauki matarsa da dare suka yi yamma. Ita kuwa tana da ciki. Da suka kai Garun Gabas, ta wajen Haɗeja, tafiya ta gagare ta, sai ya bar ta nan ya wuce. Nan ta haifi Biram. Ubanta ya ba da ita don ya ɗaure baƙo, mijinta ya ajiye ta a hanya don ya tsira da kansa, labari kuma ya bi mijin ya bar ta. Mun sha jin yara suna ba da labarin nan, ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ya ce, “Kaito, Magira!” ba.

Ta biyu ita ce Sarauniya. Bayajida ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa, tsohuwa ta ce ba a samun ruwa a garin nan sai ran Jumma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu. Ya tafi ya kashe shi. Da gari ya waye Sarauniya ta sa aka yi shela, ta ce duk wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari. Maƙaryata suka yi ta kawo kawunan macizai, har dai mai gaskiya ya bayyana. Aka ce ga rabin gari. Sai ya ce ba ya so, aurenta ya ke so.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Mu dai a ganinmu baƙon nan ya fi ta iya ciniki. Rabin gari kyauta ce, wanda ya ba ka yau ya iya karɓewa gobe. Amma ɗan da za a haifa a ɗakin Sarauniya, gari duka nasa ne, ba kuwa mai ƙwace masa. Ita ma ba ta rasa gane haka ba, ga alama, gama masu riwaya sun ce al'adar gidan ta hana Magajiya sanin namiji, saboda haka ko da aka ɗaura aure ba ta yarda da shi nan da nan ba, sai ta ba shi kuyangarta ta zama ƙwarƙwararsa.

Kuyangan nan ita ce ta uku, Bagwariya. Ko sunanta na yanka ba a riƙe ba, da sunan ƙabilarta a ke kiranta har yau. Ta haifi ɗa namiji, ta sa masa suna Karɓagari. Kun ji ƙarfin hali! Baiwa ce, ba ta da dangi a garin, ba ta da dakaru, ba ta da bakin magana a fada. Abu guda ta mallaka, watau sunan da za ta kira ɗanta, da shi kuwa ta gaya wa uwargijiyarta abin da ke ranta. Sarauniya ta ji, ta gane, ta ajiye al'adar kakanninta, ita ma ta haifi ɗa, aka sa masa Bawo, watau a ba da garin ya komo hannun masu shi. Faɗan kishiyoyi ne da sunayen 'ya'ya, irin wanda har gobe a ke yi a gidajenmu, sai dai wannan abin da a ke ja a kansa ƙasa ce. Bawo ya gāji gari, 'ya'yansa shida suka yi sarautar Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir, in an haɗa da Biram ɗan Magira, Hausa Bakwai ke nan. Daurama ta ci nasara a kan kuyangarta, amma da abin da ta biya: tun daga Bawo mace ba ta sake hawa gadon Daura ba.

Masana sun daɗe suna gardama a kan labarin nan. Waɗansu sun ce ya auku ne wajen ƙarni na 10, waɗansu sun ce misali ne magabata suka yi don su nuna yadda gādo ya tashi daga wajen uwa ya koma wajen uba. Ko wanne ne, rijiyar Kusugu tana nan, mutanen Daura kuwa da suka riƙe labarin shekaru aru-aru sun yarda cewa a kan aure sarautarsu ta juya.

Kada ku ce daga nan mata suka fita sha'anin mulki. Gadon ne ya kuɓuce musu, sunan bai kuɓuce ba. Aka ci gaba da naɗa Magajiya daga cikin 'ya'yan gidan sarauta. Wani masani, M. G. Smith, ya zauna da dattawan Daura ya rubuta abin da suka gaya masa game da tsarin mulkin da, littafin ya fito a 1978. Bisa ga abin da suka faɗa, Sarki uwa ya ɗauki Magajiya ko da ba ita ta haife shi ba. Tana da gidanta da barorinta. Ta kan ceci mai laifi daga fushin Sarki, ta kan tsawata wa Sarkin kansa, abin da ba wani namiji da zai gwada ya kwana lafiya. Har an ce in Sarki ya ƙetare haddi, da hannunta a ke tuɓe shi, ita da manyan fada irin su Galadima da Kaura. Haka kuma a sauran ƙasashen Hausa: Gobir tana da Inna, Katsinawan Maraɗi suna da Iya, kowace ita ce shugabar mata da 'yan bori na ƙasarta, Zazzagawan da suka koma Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, suna da Sarauniya da Iya.

Ita kuwa 'yar sarki wadda ba ta sami sarauta ba fa, yaya zamanta? Ba ita ke zaɓen miji ba, wannan kam ba shakka. A kan ba da ita ga wani sarki don amana, ko ga wani babban bafade don a ƙara ɗaure shi, ko a yi sadaka da ita ga malami don neman albarka. Da ƙuruciya a ke kai ta, da kuyangi da kaya mai yawa. Mijin da aka ba 'yar sarki ya sami girma, ya kuma sami kaya a ka, gama ba ya wulakanta ta labari bai kai fada ba, in kuma ya fara wani shiri a ɓoye, akwai kunnen Sarki a cikin gidansa. Amma ɗanta ba ya gādon sarautar ubanta, sai ta gidan mijinta. Watau ita gada ce, a kan bi ta kanta a ƙetare.

In muna son labari mai shekaru a jere, sai mu leƙa Kano, gama can ne rubutu ya fi yawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano, da kuma 'yar Galadimansa. Ku duba taswira ku ga inda garuruwan nan su ke, gabas da kudu da birnin Kano, za ku gane ba kyaun fuska kaɗai ya bi ba. Kowane ɗaki a gidansa ƙofa ce ta wata ƙasa.

Jikansa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, shi ne kuma aka ce ya fara kulle, ya tara mata har dubu a gidansa. Shari'a huɗu ta yarda da su na aure, saboda haka sauran ƙwaraƙwarai ne da kuyangi. Wanda ya ji kulle sai ya zaci an rufe su ne suna zaman banza. Ba haka ba ne. Cikin gidan nan gari ne guda, da unguwanninsa da shugabanninsa. Akwai uwar soro mai kula da ƙwaraƙwarai, akwai jakadu mata masu kai saƙo tsakanin cikin gida da waje, hatsin da ke ciyad da fada a hannun mata ya ke, bisa kansu duka kuma ga uwar Sarki, wadda a ke kira Mai Babban Ɗaki. Ba mu ce zaman daɗi ne ga kowa ba. Da yawa cikinsu kamo su aka yi daga garuruwansu, ba su sake ganin iyayensu ba har suka mutu. Amma wadda Allah ya ba ɗa namiji, ya kuma ba ta wayo da tsawon rai, ta kan kai inda 'ya'yan sarakuna da yawa ba su kai ba.

A cikin gidan nan Auwa ta zauna, matar Rumfa, wadda tarihi ke kira Madaki Auwa. Ku lura da sunan, gama Madaki sarautar maza ce, ta masu dawakin yaƙi. Ɗanta Abdullahi ya hau gado a 1499. Wata rana yana wajen yaƙi, sai Dagaci, wani babba mai asalin gidan sarautar Barno wanda ya yi ƙarfi ƙwarai a Kano, ya shirya tawaye. Sarki ba ya gari, dakaru ba su gari. Da Abdullahi ya komo sai ya tarar uwarsa ce kaɗai ta tare abin, saboda yawan mutanenta da kwarjininta a birni. Tsohuwar da ke cikin kulle ta riƙe wa ɗanta Kano. Ta kuma yi tsawon rai har ta ga jikanta Muhammadu Kisoki bisa gado a 1509, tana nan da ƙarfinta, ita da Lamis uwar Kisoki.

Shekaran nan ta 1509 ta tuna mana da wata tsohuwa a wata ƙasa mai nisa, wadda ku masu karatun tarihin Ingila kun san ɗanta ko da ba ku san ta ba. Sunanta Magaret Bofot. An haife ta a 1443, ubanta ya mutu tana jaririya, ya bar mata ƙasa mai yawa da jinin sarauta. Marainiya mai dukiya kuwa a Ingila ta wancan zamani, Sarki ke ba da riƙonta ga wanda ya ga dama, mai riƙon kuma ya aurar da ita inda zai ci riba. Tana 'yar shekara shida aka ɗaura mata aure da ɗan mai riƙonta, daga baya aka warware. A 1455, tana da shekara 12, aka ba da ita ga Edman Tudo, ɗan'uwan Sarki ta wajen uwa. Ya mutu ya bar ta da ciki, ta haihu a 1457 tana da shekara 13, ta sha wuya ƙwarai, ba ta sake haihuwa ba ko da ya ke ta yi aure biyu bayan wannan. Ƙasar tana cikin yaƙin gidaje biyu, Lankasta da Yok. Ɗanta Hanri ya yi shekara 14 yana gudun hijira a ƙetaren teku, ita kuwa tana gida tana ƙulla masa mutane a ɓoye. A 1485, Rumfa na bisa gadon Kano, Hanri ya komo ya ci yaƙi, da taimakon dangin mijin uwarsa na ƙarshe, ya zama Hanri na Bakwai. A 1486 ya auri Elizabet 'yar gidan Yok, auren da uwarsa ta sa hannu wajen shirya shi, gidajen biyu suka zama ɗaya. Magaret ta kafa manyan makarantu biyu a Kambirij da dukiyarta. Ta ga jikanta Hanri na Takwas ya hau gado a 1509, ta rasu cikin shekaran nan. Auwa da Magaret ba su taɓa jin labarin juna ba, amma da an haɗa su hira da ba su rasa abin faɗi ba.

Sai dai akwai bambanci biyu da ya kamata ku sani. Na fari, a shari'ar Ingila ta lokacin, in mace ta yi aure dukiyarta ta shiga hannun miji, ba ta da iko da ita sai ya mutu, sa'an nan ta ci amfanin sulusin ƙasarsa muddin ranta. Saboda haka a can gwauruwa ta fi matar aure 'yanci. A shari'ar Musulunci kuwa sadaki na mace ne, abin da ta gāda nata ne, miji ba shi da iko ya taɓa sai da yardarta, ko da ya ke rabonta rabin na ɗan'uwanta namiji ne, in kuma miji ya mutu ya bar 'ya'ya, tumuni matansa za su raba. Na biyu shi ya fi girma. A Ingila mace ɗaya a ke aure, ɗan da aka haifa waje ba shi da gādo. Kakan Magaret na wajen uba haka aka haife shi, sai da Paparoma ya ba da takarda a 1396, Sarki ya ba da tasa a 1397, kāna aka lissafa shi cikin 'ya'yan halal. A wurinmu kuwa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, daidai ya ke da ɗan matar aure wajen gādo da sarauta. Uwarsa ba a sayad da ita, ran da ubangidanta ya mutu kuma ta zama 'ya. Wannan hukunci shi ya sa tsoron da Daurama ta ji game da Bagwariya bai taɓa fita daga gidajen sarautar Hausa ba.

Za ku ce mun manta da Amina ta Zazzau. Ba mu manta ba, ita dai ba ta shiga wannan lissafi ne, gama riwaya ta ce ƙin aure ta yi. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Waɗansu masana sun kai ta ƙarni na 16. Mai yiwuwa ta ji abin da aure ya jawo wa Daurama.

Da jihadi ya zo a 1804, al'amarin matan sarauta ya sāke. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan Hausa da tara mata fiye da kima, ya kuma zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, an aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aure ne na ƙulla gidaje, kamar na da, amma ita da alkalami ta yi sarautarta: ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajis, watau mata masu kai karatu ƙauyuka, ɗanta Abdulƙadir kuma ya zama Waziri. Ta wannan gefe mata sun ƙaru. Ta wani gefen kuwa sun ragu, gama sarautunsu na fada, da ya ke sun haɗu da bori, ko dai aka kashe su ko aka ba maza. Iyan Zazzau da Iyan Katsina maza ne. Sunan Magajiya ma a garuruwa da yawa ya faɗo, har ya zama sunan shugabar matan da ke zaman kansu. Wannan abin kunya ne ga sunan da ya riga na Sarki a ƙasar Hausa.

A Daura sunan bai faɗi ba, dalili kuwa shi ne gidan bai mutu ba. A 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da iyalinsa. Zuriyarsa suka yi ta yawo, daga baya suka kafu a Zango da Ɓaure, suka zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram, suna riƙe da sarautunsu na gargajiya. Da Turawa suka zo suka mai da Malam Musa na Zango gadon kakanninsa. Ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta har 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007. Cikin abin da gidan ya komo da shi daga gudun hijira har da sarautar Magajiya.

Amma ba dukan 'ya'yan gidan ne suka tsira ran da birni ya faɗi ba. Mutanen Kano suna da riwaya cewa cikin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen nan akwai wata yarinya 'yar gidan sarautar Daura, aka kai ta Kano, ta shiga gidan Malam Ibrahim Dabo, wanda ya zama Sarkin Kano daga 1819 zuwa 1846. Ana kiranta Shekara. Ku dubi yadda duniya ke juyi: jikar Daurama ta shiga gidan wani ta ƙofar da Bagwariya ta shiga. A gidan nan kuwa akwai wadda ba a haɗa ta da kowa wajen daraja, watau Maryamu 'yar Shehu, ƙanwar Nana Asma'u, malama ce ita ma, Sakkwato ta ba Dabo ita don a ƙara ƙulla Kano da gidan Shehu. Maryamu ta sami girma iyakar girma, bayan rasuwar Dabo ta koma Sakkwato, ana jin maganarta a kan al'amuran Kano har tsufanta. Amma gadon sarauta ɗakin Shekara ya shiga. Ɗanta Usmanu ya hau a 1846, da ya rasu a 1855 ƙanensa Abdullahi Maje Karofi ya hau, bayansa kuma ƙanensu Muhammadu Bello. Sarakuna uku a jere, ciki ɗaya.

Albarkan nan ba ta zo ita kaɗai ba. Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi, suka fita birni bayan Yusufu, aka yi Yaƙin Basasa, jikokin mace ɗaya suna kashe juna. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi a 1894. Da mutanensa suka zauna zaɓen wanda zai gāje shi, ga 'ya'yan Abdullahi da yawa, waɗansu ma sun girme shi, sai aka ɗauki Aliyu. Babban dalili kuwa uwarsa: Saudatu ce, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sun san sun saɓa wa Sakkwato, sun kuma san Sakkwato ba ta iya ƙin jininta har abada. Haka kuwa aka yi, Aliyu ya shiga Kano, daga baya aka daidaita, ya yi sarauta har zuwan Turawa a 1903. Auren da aka ɗaura shekaru da yawa kafin yaƙin shi ya buɗe ƙofar sulhu.

Bayan Aliyu sai Abbas, 1903 zuwa 1919, sai Usmanu, su biyu 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ne, sa'an nan Abdullahi Bayero ɗan Abbas a 1926, da zuriyar Abbas bayansa. Ku ɗauki jerin sarakunan Kano da ke cikin littafinku ku bi shi da yatsa: tun daga 1846 ba wanda ya hau gadon nan sai jinin Shekara. Akwai makarantar 'yam mata a cikin birnin Kano da aka sa wa sunanta.